Jagorar zuwa wurin aiki da keke ba tare da ka rabu da motarka ba

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, lissafin duk ma'aikacin da ke da mota ya canza. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma naira 500 da wani abu cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Jihohin Kwara da Edo har sai da suka rage wa ma'aikatansu ranakun zuwa ofis don a samu sauƙin kuɗin sufuri. A Kano, inda aka hana acaɓa tun farkon 2013, wanda ya jingine motarsa ba shi da zaɓi mai yawa: ko ya shiga adaidaita sahu da ita ma kuɗinta ya tashi, ko ya taka da ƙafa, ko ya kakkaɓe ƙurar keken da ya daɗe a zaure.

Na ga mutane da dama da suka ɗauki keke da zafi, suka yi rantsuwar sun bar mota ke nan, amma kafin mako uku keken ya koma zaure. A ganina ba ƙarfin ƙafa ne ya gaza musu ba. Abin da ya kayar da su shi ne sun ɗora wa keke aikin da ba nasa ba, kamar kai yara makaranta, da cefanen wata, da tafiya cikin ranar azahar ta watan Afrilu. Tsarin da ke ɗorewa shi ne a raba mako tsakanin keke da mota, kowanne a ba shi ranakun da suka dace da shi. Misalaina daga Kano suke domin nan nake hawa, amma mai zaune a Zariya, Katsina ko Maraɗi zai iya ɗaukar matakan yadda suke.

Mataki na farko: ka auna hanyarka da makonka

Kafin ka kashe ko sisi, ka san nisan da ke tsakanin ƙofar gidanka da ƙofar ofis. Kada ka yi kintace, domin mai mota yakan auna tafiya da minti, kuma mintin cunkoso ba ya nuna nisa. Ka duba mitar motarka lokacin fita da lokacin isa, ko ka auna da Google Maps a wayarka. Mai hawan keke cikin gari, ba tare da gaggawa ba, yakan yi kilomita 12 zuwa 15 a awa ɗaya. Wannan na nufin kilomita biyar zai ɗauke ka minti 20 zuwa 25, kilomita goma kuma kusan minti 45. Idan nisanka bai wuce kilomita bakwai ko takwas ba, keke zai yi maka tun daga makon farko. Daga nan zuwa kilomita goma sha biyu abu ne mai yiwuwa, amma yana buƙatar sabo da wurin wanke jiki idan ka isa. Abin da ya haura haka sai ka yi tunanin haɗa hanya, wadda zan yi bayaninta a gaba.

Bayan nisa, sai ka ɗauki takarda ka rubuta makonka yadda yake a zahiri, daga Litinin zuwa Juma'a. Wace rana ce kake kai yara makaranta? Wace rana ce kake biyawa kasuwa, ko kake zuwa gaida iyaye a wata unguwa bayan an tashi? Shin aikinka na zama wuri ɗaya ne, ko ana aika ka banki da ma'aikatu da tsakar rana? Duk ranar da ke da kaya mai nauyi, ko fasinja, ko zango fiye da biyu, ka sa mata alamar mota. Abin da ya rage shi ne ranakun keke. Yawancin mutane idan suka yi wannan lissafi sukan tarar da kwana biyu ko uku a mako da ba su ɗauki komai a mota ba sai jikinsu da jaka ɗaya.

Wanda ke da hawan jini, ciwon zuciya, ciwon sukari ko asma, ko wanda ya yi shekaru bai motsa jiki ba, ya fara ganin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, kuma tafiyar minti 25 zuwa da minti 25 dawowa sau uku a mako ta cika wannan adadi daidai, amma likita ne zai gaya maka yadda za ka fara.

Mataki na biyu: keken da ya dace da kai

Kekunan da za ka tarar a kasuwa kusan kashi uku ne. Akwai baƙin keke irin na iyayenmu, samfurin Raleigh ko Phoenix, mai kariya a baya da madigadi da murfin kaca. Yana da nauyi kuma ba shi da giya, amma Kano gari ne shimfiɗaɗɗe, kowane mai faci ya san gyaransa, kuma murfin kacar yana kare wando daga baƙin mai. Akwai keke mai giya da faɗin taya, wanda yawanci na hannu ne da ake shigowa da shi daga Turai ko Japan, kuma shi ne ya fi dacewa da wanda hanyarsa ke da yashi, ramuka ko hawan gada. Sai keken tsere mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, wanda ban ba kowa shawarar saye don zuwa aiki ba, domin ƙusa ɗaya ko bakin rami ɗaya ya isa ya tsayar da shi.

Idan na hannu za ka saya, ka tafi da mai gyaran keke ka biya shi ladansa. Ya duba jikin ƙarfen ko akwai tsagewa ko walda, musamman inda ƙarafan suka haɗu a ƙarƙashin sirdi da wajen wuya. A ɗaga keken a juya kowace taya a ga ko tana layi. A matsa birki biyun, a girgiza feda a ji ko boris ya ci. Ka nemi rasit mai ɗauke da lambar da ke jikin ƙarfen, wadda galibi take can ƙasa tsakanin fedojin biyu, ka kuma ɗauki hotonta a waya, domin kekunan sata suna yawo a kasuwa kuma ba ka son ranar da wani zai tare ka a titi ya ce nasa ne.

Girman keke ya fi sunan kamfaninsa muhimmanci. Idan ka tsaya da ƙafafu biyu a ƙasa, ƙarfen tsakiya yana tsakanin cinyoyinka, ya kamata a samu ɗan sarari. Tsayin sirdi kuma ga yadda ake gwada shi: ka zauna, ka ɗora diddigenka a kan fedar da ke can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sosai. Idan ka koma taka fedar da gaban tafin ƙafa, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, wanda shi ne daidai. Mutanenmu da yawa suna hawa da sirdi a ƙasa ƙwarai don ƙafa ta riƙa taɓa ƙasa, daga baya su ce keke yana kawo ciwon gwiwa, alhali sirdin ne.

Kayan da ba a fita sai da su ba su da yawa: fitila fara a gaba da ja a baya, irin waɗanda ake caji da cajar waya, ƙararrawa, kwaɗo mai ƙarfi da sarƙa mai kauri, hular kwano wadda ta zauna daidai a ka, igiyarta a ɗaure, ƙaramin famfo, tub guda na ajiya da kayan faci. Kariya ta baya ita ma ta zama dole, domin jakar goyo tana jiƙa bayan riga da zufa kafin ka yi rabin hanya, gara ka ɗaure jakar a kariya da roba.

Mataki na uku: ka zaɓi hanya, ka gwada ta ranar da ba aiki

Kuskuren da na yi a ranata ta farko shi ne na bi hanyar da na saba bi da mota. Na tsinci kaina a babban titi da ƙarfe bakwai da rabi, tirela a hagu, adaidaita sahu suna yanko gabana duk taku ashirin don ɗaukar fasinja, na isa ofis hannuwana suna rawa. Hanyar mota ita ce mafi faɗi da sauri, hanyar keke kuwa ita ce mafi natsuwa, ko da ta ƙara maka kilomita ɗaya. Manyan tituna irin su titin Zariya, titin Haɗeja da titin Katsina suna ɗauke da manyan motoci da masu gudu, don haka abin da ake nema shi ne layukan unguwa da ke tafiya kusa da su, a tsallaka babban titin a wuri ɗaya da aka sani maimakon a bi shi tsawonsa.

Gadojin sama da na ƙasa da aka gina a shekarun nan, irin na Dangi, Kabuga da Ƙofar Ruwa, an tsara su ne don mota ta wuce ba tsayawa. Mai keke ya fi samun aminci idan ya bi titin gefe da ke ƙasa ko da zai jira, domin a bakin hawa da bakin sauka motoci suna haɗewa da gudu daga ɓangarori biyu, a cikin gadar ƙasa kuma haske yana raguwa, ruwa da yashi suna taruwa. Wuraren kasuwa kamar kewayen Kantin Kwari da Sabon Gari ba gudu ne matsalarsu ba, cunkoson 'yan dako da baro da masu buɗe ƙofar mota ne, kuma a irin wurin nan ba abin kunya ba ne ka sauka ka tura keken na 'yan mintuna.

Ka gwada hanyar da safiyar Lahadi, da kayan da za ka riƙa sawa, ka duba agogo. Ka lura da inda masu faci suke zama, inda kwalta ta ƙare, inda kwata take a buɗe, da inda za ka iya fakewa idan ruwa ya sauko. Ka gwada dawowa ma, domin hanyar da ta yi daɗi da safe takan zama wata aba da yamma idan 'yan kasuwar bakin titi sun baza kaya. A kan lokacin da ka samu ranar Lahadi ka ƙara minti goma sha biyar, biyar na cunkoso, goma na hucewa da sauya riga.

Mataki na huɗu: yadda ake tafiya a titi

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi, domin a titunanmu babu layin da aka keɓe wa keke, kuma direbobi da yawa ba sa lissafa mai keke a cikin masu haƙƙin hanya. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, mai keke ma a hannun dama yake tafiya, tare da motoci. Akwai masu ganin cewa bin hannun da ba naka ba ya fi aminci saboda kana ganin abin da ke zuwa, amma direban da zai fito daga layi yana kallon ɓangaren da motoci ke zuwa ne kawai, ba zai waiwayo inda kake ba, kuma idan aka yi karo gudunka da nasa ne za su haɗu.

Kada ka manne da bakin kwalta. A nan ne yashi, fasassun kwalabe da ƙusoshi suke taruwa, kuma idan ka maƙale a can direba zai ga kamar akwai wurin wucewa ko da babu. Ka bar kamar taku ɗaya tsakaninka da bakin titi, ka tafi a miƙe, kada ka riƙa shiga da fita tsakanin motocin da aka ajiye. Idan za ka wuce motar da ke tsaye, ka ba ta tazarar faɗin ƙofa, domin ƙofar da aka buɗe ba zato tana cikin abubuwan da suka fi kayar da masu keke a ko'ina.

Game da adaidaita sahu, ka ɗauka cewa kowanne zai iya tsayawa a kowane lokaci ba sigina. Idonka ya riƙa zuwa gaba da shi, ga mutanen da ke tsaye a bakin titi: da zarar ka ga wani ya ɗaga hannu, ka san mai adaidaitan da ke gabanka ko na hagunka zai faɗo dama, sai ka sassauta tun da wuri. Game da tirela, tifa da doguwar bas kuwa, doka ɗaya ce ba ta da togiya: kada ka taɓa shiga tsakaninsu da bakin titi, musamman kusa da kwana ko shataletale. Direban babbar mota ba ya ganin abin da ke dab da gefensa, kuma idan ya karya kwana tayoyin baya suna yanko ciki fiye da na gaba. Idan ba ka hango fuskarsa a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba, don haka ka tsaya a baya ka bar shi ya tafi.

Ka koyi waiwaye ta kafaɗar hagu ba tare da keken ya karkace ba, ka yi ta gwadawa a fili har ya zauna maka. Ka miƙa hannu kafin ka karya kwana. Idan za ka shiga hagu a babbar mahaɗa mai cunkoso, ba dole ba ne ka ratsa layukan motoci: ka tsallaka a miƙe zuwa ɗaya gefen, ka tsaya, ka juya keken, ka jira hannu ya zo maka. Ka tsaya a danja kamar kowa, ka bi umarnin jami'an KAROTA, hukumar kula da zirga-zirga a titunan Kano, da 'yan sandan da ke ba da hannu. Ka san wane hannu ne ke riƙe birkin gaba a kekenka, domin ba duka kekuna ne iri ɗaya ba. Birkin gaba ya fi ƙarfin tsayarwa, amma idan ka damƙe shi shi kaɗai a kan yashi ko a kwana za ka sha ƙasa, saboda haka a matsa biyun tare a hankali. Abin sauraro a kunne da amsa waya a kan keke duk a bar su, kunnenka ne madubinka na biyu. Da asuba ko bayan magariba ka kunna fitilu, ka sa riga mai haske, ko ka ɗora irin rigar nan mai ƙyalli ta ma'aikatan titi.

Mataki na biyar: zufa, tufafi da wurin ajiya

Tambayar da aka fi yi mini ita ce yadda mutum zai shiga ofis ba ya warin rana. Amsar tana da sassa uku. Ka fita da wuri, kafin bakwai idan zai yiwu, lokacin da gari bai ɗau zafi ba. Ka tafi a hankali, da gudun da za ka iya gaisawa da mutum ba ka haki, minti biyar na ƙarshe kuma ka ƙara sassautawa don jiki ya fara hucewa tun a hanya. Sannan kada ka hau da kayan aiki: ka sa riga mara nauyi, idan ka isa ka zauna minti biyar a inuwa, ka goge jiki da ɗan jiƙaƙƙen tawul, ka sauya. Kusan kowace ma'aikata a nan tana da wurin alwala da banɗaki, buta ɗaya ta isa.

A nan ne mota take yi wa keke hidima. Ranar da ka zo da mota, ka kawo gogaggun kayan kwana biyu ko uku, da takalmi, da hula, da tawul da turare, ka ajiye a ofis, ranar mota ta gaba ka kwashe masu datti. Kaftani mai sitati ba ya jure naɗewa a kariya, babbar riga kuwa ba a ma maganarta. Idan dole ka hau da dogon wando, ka ɗaure ƙafar dama da roba ko ka cusa ta cikin safa, gefen rigar kuma ka tattare shi kada ya shiga taya.

Wurin ajiya ka daidaita shi tun kafin ranar farko. Ka yi magana da maigadi cikin mutunci, ka ce masa, “Baba, ga kekena, ina ne ba zai tare wa kowa hanya ba?” Wurin da ya nuna maka a gaban idonsa ya fi kowane kwaɗo, amma duk da haka ka zura sarƙar ta cikin jikin ƙarfen da tayar baya, ka haɗa da wani abu da aka kafe a ƙasa. Ka nemi inuwa, domin rana tana cin taya da sirdi, ka kuma cire fitilu ka shiga da su.

Akwai kuma maganar mutane, wadda ba ƙaramar aba ba ce a wurinmu. Ranar da abokan aiki suka fara ganina a keke, wani ya ja ni gefe ya tambaye ni a hankali ko lafiya, ko an sayar da motar ne. Ban yi dogon bayani ba, washegari ya gan ni da motar, jibi ya sake ganina da keke, maganar ta mutu da kanta. A Holan, inda kekuna suka fi mutanen ƙasar yawa, manyan jami'ai suna zuwa ofis a keke ba wanda ya waiwaya, amma mu a nan sai an ɗan yi haƙuri da tsokana na mako biyu.

Mataki na shida: rabon ranaku da bin yanayi

Ka fara da kwana ɗaya a makon farko, kwana biyu da ba sa jere a mako na biyu da na uku, sannan ka kai uku. Ciwon mazaunai da cinya na kwanakin farko yana wucewa, amma ciwon gwiwa alama ce ta a sake duba sirdi. Tsarin da ya zauna mini shi ne mota ranar Litinin don kai kayan mako, keke Talata zuwa Alhamis, mota ranar Juma'a saboda masallaci da cefane da kwaso kayan wanki. Duk wata hidima da ke buƙatar mota ina tara ta zuwa waɗannan ranaku biyu, maimakon a fita sau biyar a ƙona mai sau biyar. Idan kana da iyali, wannan tsari sai da shawarar uwargida, domin ita ma tana da ranakun asibiti da unguwa, kuma idan tana tuƙi, ranakun kekenka su ne ranakun da motar take hannunta.

Shawarar keke ko mota da daddare ake yanke ta. Ka matsa tayoyi da yatsa, ka sa fitilu a caji, ka haɗa jaka, ka fito da keken kusa da ƙofa. Idan ka bar shawarar sai da safe, makullin mota ne zai yi nasara kullum.

Wanda gidansa ke nesa, kamar mai fitowa daga bayan gari, zai iya haɗa hanya: ya ajiye keke a gidan ɗan'uwa ko wurin da ya amince da shi a bakin gari, ya zo da mota ko motar haya zuwa nan, ya ƙarasa da keke cikin ɓangaren da cunkoso ya fi cin mai. Maƙwabta masu aiki a yanki ɗaya kuma za su iya karɓa-karɓa a ranakun mota.

Rabon ranaku yana canzawa da yanayi. Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin keke mafi daɗi, sai dai a sa takunkumi saboda ƙura, a kunna fitila ko da rana idan hazo ya yi kauri, mai asma kuma ya koma mota a irin ranakun. Bazara ce mai haɗari, domin a Afrilu da Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40. Tafiyar safe ba laifi, amma dawowa a jinkirta ta zuwa bayan la'asar sosai, a sha ruwa kafin a tashi, a riƙe gora. Idan ka ji jiri, ciwon kai, tashin zuciya ko tsikar jiki tana tashi cikin rana, ka sauka nan take, ka nemi inuwa, ka zuba ruwa a ka da wuya, ka kira a zo a ɗauke ka. Da damina ka riƙa kallon gabas kafin ka fita, ka ajiye rigar ruwa da leda ta naɗe waya da takardu. Birki ba ya kamawa da wuri idan ya jiƙe, kuma kada ka shiga ruwan da ya rufe titi, domin ba ka san inda bakin kwata yake ba. Da azumi kuwa, idan ya faɗo cikin zafi, ni nakan rage zuwa kwana ɗaya ko in ajiye keken sai bayan salla.

Mataki na bakwai: kula da abin hawa biyu da lissafin kuɗi

Motar da ta rage fita tana da nata buƙatu. Batir yana sauka idan ta daɗe a tsaye, kuma tayar da ita na minti biyar a gareji ba ya mayar da abin da tayarwar ta ci, don haka a kalla sau ɗaya a mako ta yi tafiyar minti ashirin zuwa talatin. Juyen mai yana bin watanni kamar yadda yake bin kilomita, saboda haka kada ka ce tunda ba ta tafiya sosai ba sai an juye ba. Ka riƙa duba iskar taya, ka buɗe bonet lokaci-lokaci saboda ɓeraye masu cin waya, takardun mota da inshora kuma suna ƙarewa ko ta fita ko ba ta fita ba. Gajerun tafiye-tafiye da inji bai gama ɗaukar zafi ba su ne suka fi shan mai a kowace kilomita, kuma su ne daidai waɗanda keke zai ɗauke mata.

Keke kuma iska yake so duk mako, gwargwadon adadin da aka rubuta a gefen tayar, domin taya mai laushi tana ƙara nauyin tuƙi kuma tana saurin fashewa a bakin rami. Kaca a goge ta da tsumma, a ɗiga mata mai kaɗan, a sake goge abin da ya yi yawa. Baƙin man da aka juye daga inji, idan aka sa wa kaca, yana kama ƙura ya zama kamar turɓaya mai cin ƙarfe. Robar birki a canza ta kafin ta cinye, duk wata biyu ko uku kuma a kai wa mai gyara ya ɗaure abin da ya saki.

Lissafin riba ka yi shi da alƙalumanka. A matsayin misali, idan nisanka kilomita takwas ne, zuwa da dawowa 16 ke nan, kwana uku a mako 48, mako huɗu 192. Motar da ke shan lita goma a kilomita ɗari za ta sha kusan lita 19 a wannan nisa, a cunkoso da na'urar sanyaya mota a kunne ma fiye da haka. Ka ninka litocin da farashin gidan man unguwarku, ka cire kuɗin faci da gyara da ɗan ƙarin abincin da jiki zai nema, ka raba kuɗin keken da kayansa da abin da ya rage, za ka ga watannin da zai ɗauka kafin ya biya kansa. Don lissafin ya zama na gaskiya, ka rubuta mitar mota da kuɗin man da ka sha a watan da ya gabaci fara hawa, ka sake rubutawa a ƙarshen wata na biyu, lokacin da ranakun keke suka kai uku a mako.